Gudun Safe A Birnin Zazzau

A ƙasar Hausa in aka hangi baligi ya sheƙa a guje, abu uku a kan zata masa. Ko dai ya yi sata, ko wani abu ya biyo shi, ko kuwa ya taɓu. Ba a cika kawo na huɗu ba, watau a ce mutum ne da hankalinsa, ya ga dama ya yi gudu domin lafiyar jikinsa. To, a kan wannan na huɗun mu ke so mu yi magana da masu karatun wannan mujalla, gama wata gardama ta taso tsakaninmu, wadda mu ke gani ta shafi kowane ɗalibi mai shirin zama malamin makaranta.

Ga asalin maganar. Akwai wata 'yar ƙungiya ta masu gudun safe a cikin birnin Zariya, mu ma muna ciki. Ba ta da suna, ba ta da ofis, ba ta da asusu. Wajen rabinmu ɗalibai ne masu koyon aikin malanta, sauran kuwa samarin gari ne. Akwai tela, akwai mai gyaran babur, akwai masu ɗinkin babbar riga, har da gardawan makarantar allo. Sau uku a mako mu kan haɗu bayan an idar da sallar Asuba, a yi sassarfa ta kamar rabin sa'a, sa'an nan kowa ya koma gida ya yi wanka ya kama sha'aninsa tun rana ba ta ɗaga ba. Ran Asabar a kan tsawaita tafiya, a fita ta Ƙofar Doka, a bi gefen ganuwa duk inda ta ke biyuwa. A wannan zango Allah ya ƙaro mana sababbin shiga. Cikinsu akwai waɗanda ranar farko ba su iya zuwa daga Babban Dodo har Ƙofar Doka ba sai da suka tsaya suna haki, yau kuwa ga su suna cin kilomita 5 ba su ko dafa gwiwa ba.

Gardamar da ta taso kashi biyu ce. Ta farko, wasunmu sun gaji da dariyar da a ke yi mana. In muka wuce masu shayi sai ka ji an ce, "Samari, wa ya biyo ku?" Har wasu iyaye sun hana 'ya'yansu fitowa, sun ce wannan zubar da mutunci ne. Sabo da haka aka kawo shawara mu bar birni, mu riƙa hawa mota muna zuwa Samaru, inda jami'a ta ke da filayen wasa, kuma ba wanda zai ɗaga kai ya dube mu. Ta biyu, wasu sun ce a riƙa tara kuɗi ran Asabar, kowa ya zuba, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, wai ta haka ne za a jawo jama'a. Mu dai a namu gani duka biyun kuskure ne, kuma ga dalilanmu.

Mu fara da maganar kunya. Ba mu raina dattawan da suka ce gudu ba na mai mutunci ba ne. Mun san abin da su ke karewa, watau natsuwa da kamun kai, waɗanda su ne adon Bahaushe. Amma a duba da kyau, a ga ko kakanninmu sun ƙi gudu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Salla a ƙofar fadar Zazzau ya ga zagage suna tafe a ƙasa gaban dokin Sarki, doki ya yi sauri su yi sauri, ba a kuwa taɓa cewa sun zubar da mutunci ba. Mafarauta su kan wuni suna bin nama a daji da ƙafa. Yara su kan yi langa a dandali da farin wata, ƙafa ɗaya a hannu, har gumi ya jiƙe su. Fatake sun taka daga nan har Gwanja sun komo da goro, alhazan da kuwa sun taka har bakin Bahar Maliya. Waɗannan mutane ba su bukaci ƙungiyar gudu ba, domin zamansu duka motsi ne. Mu ne zamani ya zaunar. Yau saurayi zai fito daga gida za shi masallacin da ke ƙarshen unguwa, sai ya tsaya jiran babur. In dai za a yi maganar barin al'adar kakanni, ai wanda ya bar ta shi ne wannan, mai gudun safe kuwa neman komawa gare ta ya ke yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Wani ya ce da mu ai wasan Nasara ne. To, mu da muka fara da allo kafin boko, ba mu ji haka daga malamanmu ba. Ya zo a cikin hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, karon farko ta wuce shi, bayan shekaru shi kuma ya wuce ta. Sahabin nan Salamatu ɗan Akwa'u ya shahara da gudun ƙasa, har ya bi mahara da ƙafa ya ƙwato raƙuman da suka kora, a kan hanyar komowa Madina kuma ya yi tsere da wani mutumin Ansaru da iznin Annabi. Kowane alhaji ya san a tsakanin Safa da Marwa akwai wurin da a ke so namiji ya yi sassarfa, haka nan a kewaye uku na farko na ɗawafin isowa. Abin da a ke yi a gaban Ɗakin Allah, ta yaya zai zama abin kunya a gindin ganuwar Zazzau?

Game da dattako kuma, a tuna da makarantar da aka kafa a Katsina a 1921 domin horon malamai, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971. Ɗalibanta na farko masu koyon malanta ne kamarmu, kuma wasannin motsa jiki suna cikin aikinsu na kullum. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a can ya ƙware da wasan nan na bugun ƙwallo da hannu a jikin bango, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Ba mu ji wanda ya ce gumin wasa ya rage masa kwarjini ba.

Sai maganar amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko kuwa minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa yana bukatar kamar minti 60 a kowace rana. Dalili shi ne, zuciya tsoka ce kamar ta dantse, in ana sa ta aiki sai ta yi ƙarfi, ta riƙa tura jini da yawa a bugu ɗaya. Tsokar da ke aiki kuma tana shanye sukarin da ke cikin jini. Sabo da haka mai motsa jiki ya fi samun kariya daga hawan jini, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki. Kowa ya san gidaje nawa ne a unguwarsu waɗannan cututtuka suka kwantar da mai gida, aka sayar da gona aka biya asibiti. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mun sha ganin wanda ya yi mana dariya bara, bana likita ya ce da shi lalle ya riƙa tattaki kowace safiya, ga shi nan yana yi dole, da tsufa da ciwo. Ashe da ya fara tun da sauran ƙarfi da ya fi.

Akwai kuma wani amfani wanda ba a auna shi a asibiti. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, sabo da yadda samari da 'yan mata suka mai da shi abin maye, musamman a nan Arewa. Doka ta hana kwalba, amma ba ta ba saurayi abin yi ba. Wanda ya san abokansa suna jiransa da Asuba, ba ya kai tsakar dare a majalisar banza, kuma wanda ya sha wani abu da dare, ƙafarsa za ta tona shi da safe. Ba mu ce gudu maganin kowace ɓarna ba ne, amma mun ga yadda ya ke jawo yaro cikin abokan kirki ba tare da an yi masa wa'azi ba.

To, ga inda maganar komawa Samaru ta karye. Su waɗanda suka fi bukatar wannan abu a cikin birni su ke, a Kwarbai, da Ƙaura, da Limancin Kona, da Unguwar Juma. Ɗan jami'a yana da fili, yana da malamin wasanni, bai rasa kome ba. Gardi da tela ba su da kuɗin motar zuwa Samaru sau uku a mako, ba su kuma da lokacin. Ranar da muka bar birni, ranar nan ƙungiya ta zama ta 'yan boko kaɗai, mun kuwa tabbatar wa masu zargi da zarginsu, cewa abin na baƙi ne. Dariya kuwa ba ta daɗewa. Abin da ido ya saba gani kullum, baki ya kan gaji da magana a kansa. Mai shayin da ya fi kowa tsokanarmu, yanzu shi ke ajiye mana ruwa a buta.

Mu da mu ke shirin riƙon alli, akwai darasi gare mu daga gabashin Afirka. A ƙasar Habasha akwai wani ƙaramin gari, Bekoji, inda wani malamin wasanni na makaranta, Sentayehu Eshetu, ya riƙa tara yara da sassafe yana koya musu gudu a cikin itatuwa. Daga hannunsa Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinariya a tseren mita 10,000 a wasannin Olimpik na Barsalona a 1992, ita ce baƙar mace ta farko daga Afirka da ta yi haka. Daga nan kuma Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. A Kenya, a garin Iten, wani malami mutumin Ailan, Colm O'Connell, ya zo a 1976 domin ya koyar da labarin ƙasa, bai san kome game da horon masu gudu ba. A wurin yaran ya koya, har ya horar da David Rudisha, wanda ya yi mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91 a Landan a 2012. Kafin su duka, Abebe Bikila, sojan fadar Sarkin Habasha, ya ci gudun yada ƙanin wani, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, a birnin Rum a 1960, ba ko takalmi a ƙafarsa.

Kada a ce muna ruɗin kanmu. Iten tana bisa tudu kamar mita 2,400 daga teku, Bekoji ta fi haka, Zariya kuwa ba ta wuce mita 700 ba. Wanda ya tashi a bisa tudu, inda iska ta ke da ƙaranci, jininsa ya kan saba da ɗaukar iska fiye da na mutumin kwari. Shi ya sa tun da aka fara babban tseren Ikko a 2016 galibi haifaffun Kenya da Habasha ke cinyewa, haka aka yi kuma a tseren Kaduna na watan Nuwamba 2020. A cikin 'yan ƙasa kuwa mutanen tsaunukan Filato ne suka fi yin fice. Ba mu yi wa kowa alkawarin zinariya ba. Abin da mu ke nunawa shi ne, a garuruwan nan biyu malamin makaranta ne ya fara, da yara, da fili, da naciya. Waɗannan ukun kuwa akwai su a kowace makarantar da za a tura mu.

Yanzu sai maganar kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin tsere a cikin littattafan fiƙihu, har Muhtasar na Shaihu Halilu yana da babi a kansa. Abin da muka koya shi ne, tseren da aka yarda a sa lada a kansa shi ne na dawaki, da raƙuma, da harbin kibiya, shi ma da sharuɗɗa. Tseren ƙafa kuwa ya halatta in kyauta a ke yinsa, da kyakkyawar niyya. Amma a ce kowa ya zuba, wanda ya ci ya kwashe, wannan sunansa caca, ko da an sa masa rigar wasa. Ranar da muka fara haka, mun ba iyayen da suka hana 'ya'yansu hujjar da ba su da ita a da.

Ko an bar maganar shari'a, hankali ma ya ƙi. In kuɗi ya shigo, mutum uku ko huɗu masu sauri su ne za su riƙa ci kullum, sauran su gaji da zubawa su janye. Mai ƙiba da mai shekaru, waɗanda domin su aka fi bukatar ƙungiya, su ne za su fara tafiya. Sa'an nan gardama ta shigo, wane ya yanke hanya, wane ya sha ƙwaya. A dubi abin da ya faru a Ingila. A watan Oktoba 2004 mutum 13 suka taru a wani lambu a Landan suka yi gudun kilomita 5 ran Asabar da safe. Ba a biya, ba a cin kome, sai dai a rubuta wa kowa lokacinsa. Wannan abu, da a ke kira parkrun, ya bazu yanzu a ƙasashe fiye da 20, har da Afirka ta Kudu. Roger Bannister kuma, wanda ya fara yin mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4, ran 6 ga Mayu 1954, ɗalibin likita ne, da hutun tsakar rana ya ke horon kansa, ba a kuwa biya shi ko anini ba. Abin da ke riƙe mutum ga gudu shi ne ya ga jiya ya yi minti 35, yau ya yi 33. Littafi ɗaya da agogo ɗaya sun ishe mu.

Amma fa in muna so birni ya karɓe mu, wajibi ne mu ma mu girmama birni. Ga abin da mu ke ba da shawara a tsayar ya zama doka a tsakaninmu. Ba a fita sai an yi salla. Tufa ta rufe daga cibiya har ƙasan gwiwa, da riga a jiki, gama gajeren wando shi ne rabin abin da dattawa su ke ƙi. In an zo wucewa gaban dattijo a rage sauri a gaishe shi, in an tarar da jana'iza a tsaya. Ba ihu, ba kiɗa, ba a bi ta lungun da mata su ke fitowa ɗibar ruwa. Kafin a fara bin wata unguwa, a je a gai da mai unguwa da limami a gaya musu. Sabon shiga ya fara da tafiya, ya riƙa haɗawa da 'yar sassarfa, a ƙara masa kaɗan kaɗan, gama sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya manyanta, ko mai ciwon ƙirji, ya ga likita tukuna. Da bazara, watau Maris da Afrilu, a gama kafin rana ta fito sosai, a sha ruwa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya huta. Da azumi a sassauta, ko a mai da shi bayan an sha ruwa. Kuma kullum a sa mutum ɗaya mai ƙarfi a can baya, kada a bar kowa shi kaɗai.

'Yan'uwanmu mata fa? Jikinsu bai fi namu ƙarfin jure wa hawan jini ba, zamansu a gida kuwa ya fi namu yawa. Ba mu ce su biyo mu kan titi ba. Amma makarantun 'yan mata suna da filaye masu katanga, kuma cikin masu karanta wannan akwai ɗalibai mata da za su zama malamai. Su ne za su iya buɗe wannan ƙofa, mata zalla, da yardar iyaye da mazaje, cikin suturar da ta dace.

Daga ƙarshe muna da roƙo game da ganuwa. Tsawon kewayenta ya kai kilomita 14 ko fiye, ga ƙofofinta sanannu, Doka, da Kibo, da Tukur-Tukur, da Jatau, da Kuyambana, da Gayan, da Kona, da Bai, da Galadima. Kowa ya san sunan Sarauniya Amina da a ke dangantawa da irin wannan gini. Mu da mu ke bin gefenta kowane mako mun ga halin da ta ke ciki. Wani wuri ruwa ya cinye, wani wuri an haƙe ƙasar an yi tubali, wani wuri an gina gida a kai, wani wuri ya zama juji. Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Zazzau, da hakimansa, da Ƙaramar Hukumar Zariya, su dubi yiwuwar a share 'yar hanyar ƙafa a gefen abin da ya rage, a hana gini a kanta. Wurin da mutane su ke bi kullum da safe, mai haƙar ƙasa ya kan ji nauyin zuwa da dare. Haka nan muna roƙon shugabannin makarantu kada su bari a yanka filayen wasa a yi shaguna, gama filin da aka gina ba ya komowa.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba mu, wani Soba, wani Giwa, wani Maƙarfi, wani Ikara. Duk inda aka kai mutum zai tarar da yara, zai tarar da fili ko da na fako ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, malamin da bai taɓa gudu ba kuwa ba shi da bakin cewa yara su yi. Wanda ya ke so ya gwada, ya same mu a Ƙofar Doka ran Asabar bayan sallar Asuba. Ba a tambayar kuɗi, ba a tambayar irin takalmi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu yi aiki da ita ta hanyar da ya yarda. Amin.